Likkafanin da Ya Juya Daga Tangaraho

Ranar da jirgin ƙasa ya sauke ni a Guangzhou ta ƙasar Sin, cikin damunar 1998, abin da na fara yi shi ne da-na-sani. Zafi ne mai danƙo, irin wanda riga ke manne wa mutum a gadon baya, ga jama'a kamar an fasa gidan tururuwa, kuma ko ɗaya babu mai launin fatata. Wata tsohuwa ta matso ta shafa hannuna, sannan ta duba tafinta ko baƙin ya zuba. Da a gida ne da ta ji abin da ba ta taɓa ji ba, don ni ba a san ni da haƙuri ba. A nan kuwa murmushin dole na yi mata, na ja jakata na yi gaba.

Sunana Ma'azu, daga wani ƙauye a arewacin Daura, dab da iyakar Nijar. Takalma nake sayarwa a Kano. Jarin da na zo da shi kuwa shanun gidanmu ne kakaf, mahaifiyata ta sa aka kaɗa su kasuwa don in gwada sa'ata. Wanda ya karɓe ni shi ne Alhaji Mudi, wani Bakano mai tumbi da yawan tsokana, wanda wannan zuwansa na uku ke nan. A ɗakinsa na sauka, kuma shi ya koya mini kalmomi uku: nihawu in za ka gaisa, lawban in za ka kira mai kanti, meyo in an ce maka babu. Ya ce, "Ta ukun za ka fi ji, Badauri. Ka sa ta a aljihu."

A kasuwar Zhanxi Lu na ga takalmin da ya kwanta mini, na ba da aiki, lawban ya nuna mini a kalanda cewa sai an yi mako shida kafin a gama ɗinki a kai kayan tashar jirgin ruwa ta Huangpu. Bizata kuma ta wata ɗaya ce. Nan wani dillali mai zaƙin baki ya same ni, ya ce ai ƙarin kwana ba komai ba ne, in kawo fasfo. Bayan kwana uku ya dawo mini da shi da jan tambari raɗau. Na kai wa Alhaji Mudi ina taƙama. Ya ɗaga shi a hasken taga, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Innalillahi. Ma'azu, wannan da dankali aka buga shi." Na koma neman dillali kamar in ci babu, ko ƙurarsa ban gani ba. Daga ranar na zama mai tafiya ta gefen bango, in na hango ɗan sanda sai in tsaya ina duba kayan da ba zan saya ba.

Wata Juma'a muka je tsohon masallacin garin. Na samu sahu a bayan wani baƙin mutum dogo, siriri, da hula zanna. Da aka tada kabbara idona ya sauka a bayan kunnensa na hagu. Wani ɗan tsage ne a wurin, gajere, a karkace. Wannan tsagen na gidanmu ne. Kakan kakanmu ya yi ta binne 'ya'ya, sai wanzami ya ba shi shawarar a riƙa yi wa jariri alama a inda ba a gani, tun daga nan duk namijin da aka haifa a zuriyar sai an yi masa. Ni ma ina da shi. Allah Ya yafe mini, wannan sallar ban san me liman ya karanta ba.

Ana sallamewa na riƙe hannunsa. Sunansa Isuhu, daga Nijar, kayan injin ɗinki ya zo saye. Muka tafi shagon Tsoho Ma, wani Musulmin ƙasar mai sayar da taliya da naman rago, inda nan kaɗai muka yarda mu ci nama. Tsoho Ma ya yi aikin jirgin ruwa da ƙuruciyarsa, don haka yana da guntun Turanci da guntun Larabci. Aka kawo kwano ɗaya muka sa hannu. Na juya kaina na nuna wa Isuhu bayan kunnena. Ya yi salati, ya ce, "Kai ɗan wane gida ne?"

Na ce, "Jikan Tanko ne ni."

Sai ya zare hannunsa daga kwanon, ya goge a hankali. Ya ce, "Ni jikan Bawa ne."

Dole in tsaya nan in faɗi abin da ke tsakanin Tanko da Bawa, don a gidanmu ba a faɗinsa sai da murya ƙasa-ƙasa. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, Tanko ne babba. Suna yara Turawan Ingilishi da na Faransa suka zo da sarƙar awo, kowa na jan ƙasa wajensa, suka yi ta gardama a harshen da ba wanda ya ji, daga ƙarshe suka kafa wani ƙarfe tsakanin gidan ubansu da gonarsa. Ƙarfen nan shi muke kira tangaraho. Gida ya faɗa hannun Ingilishi, gona ta faɗa hannun Faransa. Da suka girma Bawa ya koma gonar ya kafa gida, kuma ba wanda ya damu, don ana tsallakawa safe da yamma.

Sai zamanin yaƙin Hitila, lokacin da Faransawan da ke Nijar suka ƙulla gaba da Ingilishi, aka rufe iyaka. Duk wanda aka kama ya tsallaka, ɗan leƙen asiri ne. Aka kama Bawa da ƙunshin goron da ya karɓo daga wurin wansa. Kwana tara ya yi a bariki ya cika. Aka aiko cewa babban namiji daga danginsa ya zo ya karɓi gawa kafin faɗuwar rana, in ba haka ba fursunoni su tura ta rami. Ɗan Bawa a lokacin yaro ne. Tanko ya ɗauko farin saƙi na likkafani ya saɓa a kafaɗa, ya tafi. Da ya isa tangaraho sai ƙafarsa ta ƙi. Ya san in ya shiga shi ma ba zai fito ba, ga 'ya'ya biyar a gida. Ya tsaya tun hantsi har la'asar sakaliya, sannan ya juyo. Aka tura Bawa rami ba wanka ba salla.

Ni na tarar da Kaka Tanko da rai. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya tafi tangaraho ina biye da shi, ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen, ya juyo. Abin da na fi tunawa shi ne ƙarar takalminsa na fata a hanyar dawowa, fat, fat, fat. Saƙin nan kuma yana cikin adakarsa. Da zai rasu ya ce kada a kuskura a sa shi a ciki, ba nasa ba ne. An buɗe iyaka tun tuni, amma gidan Bawa ba su sake taka gidanmu ba, mu ma kunya ba ta bar mu mun je ba.

Isuhu ya dube ni ranar a shagon Tsoho Ma, ya ce, "A wurinmu ba a kiran kakanka Tanko. Juya-baya ake ce masa."

Raina ya ɓaci, na ce, "To ni na juya? An haife ni ma a lokacin?"

Ya ce, "Jini ba ya ƙarya." Ya tashi ya koma wani tebur.

Haka muka yi kusan mako biyu, gari guda, shago guda, kowa da teburinsa. Alhaji Mudi yana yi mana dariya, wai an zo har Sin an kafa tangaraho tsakanin kwanukan taliya. Tsoho Ma kuwa bai yi dariya ba. Ya tambaye ni, na ba shi labari da Turancina mai ɗingishi. Washegari da rana ya bar wa matarsa shago, ya ce mu biyun mu biyo shi, kuma ba a yi wa mai furfura gardama.

Ya kai mu wani ɗan tsibiri a bakin kogi da ake kira Shamian. Manyan gidajen Turawa ne tsofaffi, da itatuwa masu saiwa a rataye, wurin shiru kamar an yi mutuwa. Ya nuna wata gada ya ce ta Ingilishi ce, ya nuna wata can gaba ya ce ta Faransa. Ashe nan ma sun zo, sun yi yaƙi da mutanen ƙasar, sun raba tsibirin tsakaninsu, babban kaso na Ingilishi, ƙarami na Faransa. Ya ce kakansa ɗan dako ne a nan, da izini yake shiga, kuma in dare ya yi a kulle ƙofofin gadojin, ɗan ƙasa ya tsaya a waje.

Isuhu ya yi tsaki, ya ce, "Ka ji! Har a nan ma ƙashin aka bar wa Faransa. Mu dai ba mu yi sa'ar ubangida ba." Dariya ta kuɓuce mini, shi ma ya ɗan murmusa. Amma da za mu shiga sai ya ce shi ba zai bi gadar Ingilishi ba, ya zagaya ta tasu. Muka haɗu a tsakiya, a kan wani benci. Yana kallon ruwa ya ce, "Babana Shaibu yana nan da rai. Ranar nan yana gindin gawo ta ɓangarenmu, yana jiran baffansa. Ya ga farin ƙyallen tun daga nesa. Ya gan shi ya tsaya, ya gan shi ya juya. Har yau in ya ga mutum da farin mayafi a kafaɗa sai ya kau da kai."

Da muka tashi na hango wani tsohon ɗan dako a bakin gadar Ingilishi, tsaye cak, da farin tawul a kafaɗa, bai shigo ba bai tafi ba. Na san ɗan Sin ne, na san tawul ne na share gumi. Duk da haka tun daga ranar ko dilar farin yadi na gani a kasuwa sai in sauya hanya.

Bayan kwana huɗu Isuhu bai zo cin abinci ba. Na same shi a masaukinsa jiki kamar garwashi, yana sambatu, rabi Hausa rabi Faransanci. Ni da Tsoho Ma muka kai shi asibiti. Kullum ina zuwa, ina shiga ta ƙofar baya don kada a tambaye ni takarda. A kwana na uku da hantsi ya farfaɗo, ya gane ni. Ya ce, "Lokotoro ya ce me?" Likita yake nufi. Na ce sauƙi na nan tafe. Ya ce, "Bar ƙarya, ba ta yi maka kyau. Na ji an ce a ƙasar nan ƙone gawa suke yi."

Na ce, "Ba za a ƙone ka ba."

Ya rufe ido. Ya ce, "Ban roƙe ka ba fa. Na san gidanku."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Kafin azahar ya cika, kaina a kan gadonsa, hannunsa a nawa.

Tsoho Ma ya shiga ya fita, ya dawo da bayani. Musulmi suna da maƙabartarsu, kuma za a ba da gawa, amma sai ɗan'uwan mamaci ya je ofishin 'yan sanda da fasfo ɗinsa ya sa hannu. In ba a samu ba cikin kwanakin da suka ɗiba, gawar ta zama marar mai ita, a yi da ita yadda ake yi da sauran. Ofishin jakadancin Nijar yana can Beijing, kafin takarda ta je ta dawo an wuce wurin. Alhaji Mudi, Allah Ya saka masa, ya je da nasa fasfo mai kyau, aka tambaye shi dangantaka, ya ce addini, aka ce meyo.

Da ya dawo ya zaunar da ni. Ba tsokana ranar. Ya ce, "Ma'azu, in ka kai musu wannan tambarin dankalin, kulle ka za su yi. Rasit ɗin kayanka da sunanka yake, ni gobe jibi zan tashi, ba wanda zai tsaya maka a Huangpu. Shanun tsohuwarka ne fa. Wanda ya mutu ya riga ya tafi, Allah Ya san uzurinka. A ceci mai rai."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi ciwo. Na ce masa to. Amma ranar da wa'adi zai cika na tashi da safe na shiga kasuwa, na sayi farin yadi, ni da ke gudun ganinsa. Na ce a raina ko ba komai in kai wa Tsoho Ma shi. Ƙafata kuma ta kai ni har gaban ofishin 'yan sanda. Na tsaya a tsallaken titi, gindin wani turken fitila, da ƙunshin a hammata.

Na tsaya. Kekuna suna wucewa, masu shara suka zo suka share gefen ƙafata, rana ta take. Ina ganin ƙofar, matakala uku ce kawai. In na ɗaga ƙafa sai in ga fuskar mahaifiyata ranar da aka kaɗa shanun, tana cewa Allah Ya sa albarka alhali idonta na kan jar saniyarta. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba, tsoron da ban taɓa ji ba. Da inuwa ta karkata na ce Allah Ka gani, na juya na kama hanyar masauki.

Ban yi taku ashirin ba na ji shi. Fat, fat, fat. Na waiga, ba kowa a bayana. Takalmina ne. Silifa ce ta fata da na zo da ita daga gida, kullum ina sa ta, ban taɓa jin kukanta ba sai ranar. Ƙunshin kuma, ban san sa'ad da na ɗauke shi daga hammata na saɓa a kafaɗa ba. Na tsaya a tsakiyar mutane ina kuka kamar yaro. Shekara da shekaru ina jin haushin tsohon nan a ɓoye, ina cewa da ni ne da na shiga. Ashe haka abin yake.

Na tsallaka titin a guje, har wani mai keke ya zage ni.

Jami'in da na samu mutum ne mai gilashi, ba yabo ba fallasa. Aka kira Tsoho Ma ya yi tafinta. Jami'in ya ajiye fasfo biyu a gabansa, nawa da na Isuhu, ya ce ƙasa biyu ce, ta ina muka zama 'yan'uwa? Na juya masa bayan kunnena, na ce a je a duba na mamacin. Tsoho Ma ya yi masa dogon bayani, a ciki na tsinci Shamian, na tsinci Hong Kong, wadda a lokacin shekara ɗaya ke nan da Ingilishi suka sake ta. Daga baya Tsoho Ma ya gaya mini cewa mutumin ya ce shi ma yayar mahaifiyarsa a Hong Kong ta tsufa, ba su gana ba. Jami'in ya tura aka duba gawar. Sannan ya buɗe fasfo ɗina, ya kai shafin jan tambarin, ya dube shi, ya dube ni. Ya sa shi a aljihun tebur ya kulle. Ya ce in je in binne ɗan'uwana, gobe in na gama yana jira.

Ni na wanke Isuhu, Tsoho Ma na zuba mini ruwa. Dattawan masallaci suka zo, mutanen da ba su san sunansa ba, muka yi sahu uku. Maƙabartar a kan wani tudu take, ƙasarta ja kamar ta gonakinmu. Ni na shiga ramin na karɓe shi. Da muka fito, jami'in na tsaye a bakin ƙofa, ya cire hularsa. Bai sa mini ankwa ba.

Na yi kwanaki a tsare, sannan aka sa ni a jirgi, aka ce kada in dawo. Takalman kuwa, har yau ban san ƙafafun da suka sa su ba. Da na gaya wa mahaifiyata, sai ta tashi ta shiga ɗakin Kaka, ta buɗe adaka, ta fito da saƙin nan, ya yi jaja-jaja don tsufa. Ta ɗora a kan jakar Isuhu da na taho da ita. Ta ce, "Tunda ka fara, ƙarasa."

Tangaraho na nan, ya yi tsatsa, wani ma ya ɗaure akuya a jikinsa. Ba soja, ba mai tambaya. Na wuce shi da taku ɗaya, abin har ya ba ni haushi.

Baba Shaibu, mahaifin Isuhu, na zaune a zaure, idonsa ya yi hazo. Labarin rasuwar ya riga ni isa. Na yi sallama na durƙusa, na ajiye jakar. Bai tambayi sunana ba. Ya miƙo hannu ya lalubi bayan kunnena, yatsansa ya tsaya a kan tsagen.

Ya ce, "Na gidan Tanko?"

"E, Baba."

"Wa ya wanke mini shi?"

"Ni ne, Baba."

"An yi masa salla?"

"Sahu uku."

"Ya kalli gabas?"

Na ce, "Ya kalli alƙibla, Baba. A can, yamma take."

Ya jinjina kai, ya ce, "Ikon Allah. Ashe ya wuce Makka."

Sai na ɗauko saƙin na ɗora masa a cinya. Ya shafa shi daga wannan baki zuwa wancan, ya kai hanci ya shinshina. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Ya ce, "Daga nesa na gan shi. Ashe haka yake da kauri."

Na ce, "Baba, a yafe masa. Duk Juma'a sai ya zo bakin ƙarfen nan, har ya mutu."

Ya ce, "Na sani. Ina gindin gawo ina ganin ku, kai da shi." Ya naɗe saƙin a hankali, ya tura shi ƙarƙashin buzunsa. "Ya makara, amma ya iso. Bar shi nan. Ni zan kai wa babana da kaina."

Bayan damuna biyu aka aiko mini Baba Shaibu ya rasu. Na tsallaka, na wanke shi, na naɗe shi a ciki. Ya ishe shi har da saura.